Wa zan kira ya duba mini gida kafin in biya?

Maman Khalil:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin harkar gini ku ba ni shawara, lokaci ya ɗan ƙure mini.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kano, kuma tun aurena a gidan haya muke. Da aka raba gadon mahaifinmu na haɗa kasona da ɗan abin da na tara, na ce gara in sa a gida kafin kuɗin su narke a hannuna. Dillali ya kai mu wani gida wajen Ɗanbare, ta hanyar Gwarzo: ɗaki uku da falo, kicin, banɗaki biyu, da ɗan shago a gaba. An zuba dakin, wato rufin kankare, a kan falon da ɗaki ɗaya, sauran rufin kwano ne. Ya ce fandishon bene aka yi, duk ranar da na samu hali in ɗora hawa ɗaya in zuba 'yan haya. Gaskiya wannan maganar ce ta fi jan hankalina.

Amma akwai abubuwan da suka tsaya mini a rai. Fenti sabo fil, ƙamshinsa ma bai fita ba, alhali sun ce gidan ya kai shekara goma. Ɗakin baya an liƙa wa bangonsa tayil daga ƙasa zuwa ƙugu, kuma shi kaɗai aka yi wa haka. Ƙofar ɗakin sai an ɗaga ta take rufuwa. Ƙanena kuma ya nuna mini wani layi da ya taso daga kusurwar taga ya gangara ƙasa a karkace, an cike shi da siminti an bi da fenti, amma in ka tsaya ta gefe kana ganin tudunsa.

Da na yi magana dillalin ya ce ba komai, zafin rana ne ke tsaga filasta, in hankalina bai kwanta ba yana da injiniyansa, zai kawo shi ya duba kyauta. Mai gidan kuma yana so a ba da kafin alƙalami kafin Juma'a, wai akwai wani Alhaji da ke jira. Maigidana yana aiki a Fatakwal, ya ce in nemi wanda ya san aiki.

To wa ya san aikin? A unguwarmu duk wanda ya kifa hular kwano ya riƙe tef, injiniya ake ce masa. Ta yaya zan gane na gaske? Me zai duba, kuma me zai ba ni a hannu in ya gama? Birkilan da ya daɗe yana yi wa babanmu aiki fa, bai isa ba?

Baban Safwan:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Ni injiniyan gine-gine ne, wannan aikina ne.

Wanda dillali zai kawo, ki yi masa godiya ki ce kin yafe. Ba zargin mutumin nake ba, ban san shi ba. Amma la'adar dillali, kashi 5 cikin 100 ɗin nan da aka saba, ba ta shiga aljihunsa sai ciniki ya faɗa, kuma wanda ya zo kyauta yana so gobe ma a sake kiransa. Mai dubawa ke za ki nemo shi, ke za ki biya shi, kuma a yanke kuɗinsa tun bai taka gidan ba, ko kin saya ko kin fasa. In aka ce sai an yi ciniki za a sallame shi, to shi ma ya shiga layin dillalai.

A Najeriya babu wata sana'a guda mai lasisi da ake kira mai duba gida. Aikin a rabe yake. Ƙarfin gini, wato fandisho da fila (ginshiƙi) da bim (kankaren da ke kwance a kan fila) da dakin, na injiniya ne, kuma hukumar COREN ce ke yi mana rajista tun 1970. Magina masu karatun gini suna da tasu hukumar, CORBON, tun 1989. Masu zanen gida ARCON ce tasu. Akwai kuma masu ƙiyasta darajar gida, waɗanda ESVARBON ke yi wa rajista. Irin wannan zai gaya miki ko kuɗin da aka sa ya dace da unguwar, amma ba shi zai ce miki dakin zai ɗauki bene ba. Abin da kika lissafa duk na injiniyan sibil ne wanda ya ƙware a ƙarfin gini. Ki lura da wannan sosai: injiniyan lantarki ko na injina shi ma rajistar COREN gare shi, ta gaskiya kuwa, amma tsagar bango ba fanninsa ba ce. Saboda haka tambayarki biyu ce, lambar rajistarka nawa, kuma a wane fanni.

Ki karɓi cikakken sunansa da lambar, ki sa ƙanenki ya duba a shafin COREN na intanet. Ki tambaye shi ko ya sabunta lasisinsa na bana, da ko yana da hatimi. Na gaske ba ya jin haushin wannan tambayar, wanda ya fara “haba Hajiya, kowa ya san ni a garin nan” shi ne abin tsoro. In ba ki san inda za ki fara nema ba, ƙungiyar injiniyoyi ta NSE tana da reshe a Kano, ga kuma sashen injiniyan sibil na Jami'ar Bayero. Sannan ki ce ya nuna miki rahoton da ya taɓa rubuta wa wani, ya rufe sunan mai shi. A nan ake rabuwa. Da yawa sun iya tsayawa a kan leburori ana zuba kankare, amma ba su taɓa binciken tsohon gini sun rubuta sun sa hannu ba.

Kan abin da kika gani, ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma ga yadda muke karanta shi. Tsagar filasta siririya ce kamar gashi, tana yawo ko'ina ba ta da alƙibla, wannan kam dillali ya yi gaskiya, ba ta da illa. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, ko take bin layin bulo hawa-hawa, musamman in wani bakin ya fi wani faɗi kuma ana ganinta ciki da waje, tana nuna wani sashen fandishon ya zauna fiye da wani. Ki haɗa da ƙofar da ba ta rufuwa a ɗaki ɗaya, ki ƙara da tayil zuwa ƙugu, wanda galibi ake sawa don ɓoye bangon da ke tsotsar ruwa daga ƙasa har fenti ya riƙa kumbura yana zubar da farin gishiri. Abu uku a ɗaki guda ba za a kira shi zafin rana ba. Yana iya zama tsohon zama ne da ya tsaya tuntuni, gyaransa kaɗan ne. Yana iya zama kuma har yanzu ƙasar tana motsi, wataƙila sokawe ko kwata ce ke jiƙa ta ta bayan ɗakin. Bambance waɗannan biyun shi ne abin da za ki biya kuɗi a kai.

Zancen fandishon bene kuwa, wannan kalma ta ci kuɗin mutane a Kano. Babu wanda zai kalli gida da ido ya tabbatar da ita. Sai an haƙa rami a gindin fila ɗaya ko biyu an ga zurfin fandishon da faɗin kankaren da filar ta zauna a kai, an ɗan fasa gefen fila an ga rodin da ke ciki, mai kaurin milimita 16 ne ko mai 12 ko ma mai 10, guda nawa ne, an buga kankaren da ɗan na'urar auna ƙarfi, an auna kaurin dakin. Wani gidan za ki ga fila a kusurwa, a fasa a tarar bulo ne aka yi wa filasta. Ki nemi zanen da KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ta amince da shi. In zanen gidan ƙasa ne, wato mara bene, magana ta ƙare. Ba mu manta benen da ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a watan Agustan 2022 ba, hawa ba abin da ake ɗorawa a kan “an ce” ba ne.

Abin da zai ba ki: rahoto a rubuce, da kwanan wata, da hotuna, da sa hannu da hatimi. Ya raba abin da ke da haɗari, da abin da zai iya jira, da abin da kwalliya ce kawai, ya sa ƙiyasin kuɗin gyara, ya kuma faɗi wuraren da bai samu gani ba. Ki kasance a wurin ko ƙanenki. In ya zagaya cikin minti ashirin bai nemi tsani ya leƙa cikin silin ba, bai buɗe murfin sokawe ba, ya ce miki “gida lafiya lau”, ai yawon buɗe ido ya zo.

Tsohon Birkila:

Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta mini, ni ban iya latsa wayar nan ba.

'Yata, abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma kada ki raina birkilan babanki. Ki tafi da su duka biyun. Injiniya ya san lissafi, mu kuma mun san wanda ya yi aikin da irin hannunsa. Na yi aiki da masu takarda da na ƙaru da su, na kuma yi da waɗanda in ka miƙa musu bulo ba za su gane na kirki da na banza ba.

Kafin ma ki kira kowa, ki aika ƙanenki ya yi sallar la'asar a masallacin layin, ya zauna da dattawa, ya sayi shayi wajen mai shayi. Tambaya ɗaya zai yi: da can mene ne a wurin nan? Garin nan kududdufai nawa aka cike da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye a kai? Gidan da aka ɗora a kan bola yakan yi shekaru shiru, sannan ya fara zama. Maƙwabta sun sani, sun kuma san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Yanzu bazara ce, kowane gida lafiyayye ne. Ya kalli bangon maƙwabta da ba a yi wa fenti ba, zai ga layin da ruwa ya tsaya bara.

In kun shiga, a samu wurin da babu filasta, ko ta bayan katanga ko cikin silin, a karci bulo da ƙusa. In yana zuba kamar gari, kin san abin da aka yi. Mu da muka tashi buhun siminti ɗaya bulo 25 zuwa 30 ake cirewa mai inci tara, yanzu akwai mai cire 50 ya ce maka Allah ya sa albarka. A ƙwanƙwasa tayil ɗin ƙasa da kan mukulli, inda ya yi ƙarar fanko ƙasan ta lotsa. A hau silin da tocila a duba katako, a soka masa sukundireba. Gara tana cinye cikin katakon tu-bai-fo ta bar bayansa kamar ba a taɓa ba. A duba ko an shafa wa katakon baƙin mai. In akwai hasken rana yana shigowa ta kwano, ruwa ma ta nan zai shigo. Inda dakin ya haɗu da kwano nan ne uwar yoyo, a hau da bokiti a kwara ruwa, wani ya tsaya a ƙasa yana kallo.

Maganar Alhajin da ke jira kuwa, tun ina yaro nake jin labarinsa, har yau bai iso ba. Kada ki yi cinikin biri a sama.

Baban Safwan:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi ko ɗaya ba, ni kaina ba na zuwa duba gida sai da birkila, shi ke haƙa ramin ya kuma mayar. Inda na tsaya kawai shi ne, in abu ya lalace gobe, birkila ba shi da hukumar da za a kai ƙararsa, kuma maganarsa ta baki ce. Mai hatimi yana da lasisin da zai iya rasawa. Shi ya sa nake so hukuncin bene ya fito daga wanda zai sa hannu.

Barista A.:

Hajiya, su suna duba bango, ni bari in ja ki zuwa takarda, don gida mai ƙarfi a kan filin rigima ya fi mai tsaga cin kuɗi.

Ba ki faɗi ko wurin awon gwamnati ne ko awon igiya ba. In yana da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, a ba ki hotonta, lauyanki ya nemi bincike a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano: sunan wa ke cikin fayil, an jinginar da ita a banki ko a'a, akwai bashin kuɗin ƙasa ko babu. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, sashe na 22, mai irin wannan takarda ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan tun shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Mutane da yawa suna karɓar asalin takardar su sa a akwati, shekara ashirin sunan wani ne a fayil.

In awon igiya ne, takardar mai unguwa da dagaci tana da amfani wajen shaida, amma ba ta hana gidan ya kasance a kan hanya ko magudanar ruwa a taswirar gwamnati. Ki ɗauki safiyo mai rajistar SURCON, hukumar masu awon ƙasa, ya ɗauki awon wurin a gwada da taswira. In kuma mai sayarwar gadonsa ya yi, a ga takardar rabon gado ta kotu, ko duk magada su sa hannu, mata da maza.

Lauya ma ke za ki nemo naki, kada ki ce na mai gida ya rubuta muku gaba ɗaya. Kafin alƙalami in ya zama dole, ya zama kaɗan, ta banki, kuma a rubuta ƙarara cewa za a mayar miki in rahoton injiniya ko binciken takarda ya fito da matsala. Mai sayarwa da ya san kayansa lafiya suke ba ya gudun wannan sharaɗin. Ko a shari'ar Musulunci ɓoye aibin kaya haramun ne kuma mai saye yana da haƙƙin mayarwa, amma karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya kashe su wani aiki ne daban.

Ɗan Fagge a Houston:

Mu nan Amurka duba gida sana'a ce mai zaman kanta. A jiharmu Texas sai da lasisin jiha, kodayake ba duk jihohi ke buƙatar haka ba. Mai saye ne ke ɗauka ya biya, 'yan ɗaruruwan daloli, mutum ya yi awa biyu ko uku ya ba ka rahoto mai shafuka da yawa da hotuna, kuma ana ware wasu kwanaki a yarjejeniya da za ka iya fasawa. Amma ko a nan in ya ga matsalar fandisho cewa yake a kira injiniya, kuma Houston ƙasarta laka ce mai kumbura da ruwa, tsagar bango ba baƙuwa ba ce. Nan ma ana gargaɗin mutane kan ɗaukar wanda dillali ya nuna. Halin ɗan Adam ɗaya ne.

Ya Falmata:

Daga Maiduguri. Tun ambaliyar Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, mu nan ba mai sayen gida bai tambayi inda ruwa ya kai ba. Gidaje da yawa an yi musu fenti an sa a kasuwa. Ki sa a buɗe soket na ƙasa-ƙasa a duba cikinsa, laka da tsatsa ba sa ɓuya a nan, mai fenti ba ya kaiwa wurin.

Kuma tunda an buɗe, mai wayarin ya duba kaurin waya. Soket waya mai lamba 2.5 ake sa wa, fitila mai 1.5, na'urar sanyaya ɗaki da hita suna son mai 4. Ki je ofishin wuta da lambar mita ko tsohon bil ki ji ko akwai bashi a kan gidan. Ki duba tazarar rijiya ko burtsatse da sokawe, har da na maƙwabta. Ke ma'aikaciyar lafiya ce, kin fi ni sanin abin da ke biyo baya in sun matsu.

Maman Khalil:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, yaronka ya gaishe mini da kai.

Ga inda aka kwana. Na samu injiniya ta hannun mijin wata abokiyar aikina, ƙanena ya duba sunansa ya gan shi, na sibil ne, mun yanke kuɗinsa. Ƙanena ya je masallacin layin, dattawa sun ce ba kududdufi ba ne, gona ce, amma ruwan layin ta bayan gidan yake bi da damina. Wurin awon igiya ne. Juma'ar ta wuce, Alhajin bai zo ba, dillali ne ma yake ta kirana.

Mai gidan ya yarda a hau silin, a buɗe sokawe, a cire tayil biyu a ɗakin baya in zan biya mayarwa. Haƙa gindin fila ne ya ce sam, ba za a farfasa masa gida ba a kan cinikin da bai tabbata ba. Zane kuma ya ce babu, birkila ne ya tsara. Injiniya, in haƙura da haƙan ko in dage?

Baban Safwan:

Hajiya, ramin bai wuce mita ɗaya da ɗan wani abu ba, ta waje ake yi, a mayar a ranar, ki ce masa ke za ki biya siminti da aikin. In ya ƙi duk da haka, haƙƙinsa ne, gidansa ne. Amma daga nan ki cire bene daga lissafinki gaba ɗaya, ki taya gidan a matsayin gidan ƙasa mara zane, kuma injiniyanki ya rubuta a rahoto cewa ba a ba shi damar ganin fandisho ba.

Ramin da ba zan haƙura da shi ba shi ne na bayan ɗakin nan mai tsaga, tunda yanzu mun ji ta nan ruwa ke bi. Ko ba za ki taɓa ɗora bene ba, sai an ga abin da bangon ya zauna a kai. Ki ce wa injiniyan ya kankare cikon da aka yi wa tsagar ya auna faɗinta na asali, ya kuma leƙa ta waje ya ga ko ta ratsa. In mai gidan ya hana wannan ma, ki karɓi rahotonki ki biya injiniya, ki ce wa dillali ya nuna miki wani gidan.

Barista A.:

Tunda awon igiya ne, safiyo ya riga injiniya zuwa. In wurin ya faɗa kan hanya, kin huta da kuɗin haƙa rami. Kuma ki tambayi mai gidan takardar wanda ya sayar masa da filin, da ta wanda ya sayar wa wancan, har a kai ga mai gonar.